'Yan Fashin Dajin Ostiraliya: Daga Fursunoni Masu Gudu Zuwa Mai Sulken Garma

Duk ɗan makarantar da ya buɗe taswirar duniya ya dubi kudu maso gabas, can ƙasa da nahiyar Asiya, zai ga wani ƙaton yanki da teku ta kewaye ta kowane gefe. Ostiraliya ke nan. A yau an san ta da arziki da manyan birane, amma an yi wani zamani, na kusan shekara ɗari, da matafiyi ba ya kama hanya a ƙasar sai da zullumi. Wasu mutane ne suka tare a cikin daji da bindigogi da dawakai, suna tare hanya, suna afka wa gonaki, daga baya har da bankuna. Mutanen ƙasar na kiransu bushrangers, wato 'yan fashin daji. Labarinsu ya faro ne daga gidajen yarin Ingila.

Ƙasar da aka mayar kurkuku

A ƙarni na 18 dokokin Ingila suna da tsananin gaske. Satar abin da bai taka kara ya karya ba tana iya kai mutum ga rataya, in kuma ya yi sa'a a kore shi daga ƙasa na shekara bakwai ko goma sha huɗu, ko ma har iyakar rayuwarsa. Da farko Amurka ake kai irin waɗannan fursunoni. Da Amurkawa suka ƙwaci 'yancinsu sai wannan ƙofa ta rufe, gidajen yari suka cika maƙil, har aka koma tsare mutane cikin tsofaffin jiragen ruwa a bakin kogi. Sai gwamnati ta tuna da wata ƙasa mai nisa da matuƙin jirgin nan James Cook ya bi ta gaɓarta a 1770.

A watan Mayu na 1787 jiragen ruwa 11 suka tashi daga Ingila ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, ɗauke da fursunoni sama da 700, maza da mata. Sun sauka a inda birnin Sidni yake yanzu a watan Janairu na 1788. Daga wannan shekara zuwa 1868, lokacin da jirgin fursunoni na ƙarshe ya iso, an kai mutum sama da 160,000. Ƙasar kuwa ba kango ba ce. 'Yan asalinta, waɗanda ake kira Aborijin, sun shekara dubbai a cikinta, kuma zuwan Turawa ya raba su da filayensu da rayukan mutanensu masu yawa.

Rayuwar fursuna a can ba daɗi. Wasu suna fasa dutse da gina hanya da mari a ƙafa, wasu kuma an rarraba su ga masu gonaki suna yi musu aiki ba lada. Laifi kaɗan sai bulala hamsin ko ɗari. A shekarun farko abinci ya yi ƙaranci ƙwarai, har gwamna ya riƙa rage rabon kowa. Yawancin wuraren aikin ba su da katanga, domin dajin kansa ya isa katanga. Da yawa cikin waɗanda suka gudu yunwa da ƙishirwa suka kashe su, wasu suka dawo da ƙafafunsu suka miƙa bayansu ga bulala. Waɗanda suka jure kuwa ba su da hanyar cin abinci sai sata.

Na farkonsu baƙar fata ne

Mutumin da masana tarihi suka fi ɗauka a matsayin ɗan fashin daji na farko shi ne John Caesar, baƙar fata ɗan asalin Afirka, wanda aka yanke wa hukuncin shekara bakwai a Ingila a 1786 saboda sata, aka kuma kawo shi cikin jiragen farko. Ƙato ne mai ƙarfi, an kuma shaide shi da ƙwazon aiki. Sai dai rabon abincin da ake ba kowa iri ɗaya ne, shi kuwa ba ya isar sa. A 1789 ya ɗauki bindiga ya shige daji. Aka kama shi, ya sake gudu, aka sake kamawa, haka dai har sau da dama. A ƙarshen 1795 ya yi gudunsa na ƙarshe, wasu fursunoni suka bi shi. Gwamna John Hunter ya sa ladan galan biyar na barasa ga duk wanda ya kawo shi, domin a lokacin barasa ta zama tamkar kuɗi a Sidni. A watan Fabrairu na 1796 wani ya harbe shi har lahira.

Tsibirin da gwamna biyu suka yi mulki

Inda abin ya fi ƙamari a farkon ƙarni na 19 shi ne tsibirin Tasmaniya, wanda a lokacin ake kira Van Diemen's Land. Tsibiri ne mai duwatsu da kurmi. Da yunwa ta matsa, hukuma da kanta ta ba fursunoni bindigogi da karnuka su je farautar kangaru, dabbar nan mai tsalle da ke goya ɗanta a jakar ciki. Da suka ga za su iya rayuwa a daji, wasu suka ƙi dawowa. Suna sayar da nama da fata da tumakin sata ga mazauna gari, su kuma suna ba su albarushi da labarin inda sojoji suka nufa. A 1815 lamarin ya kai har mataimakin gwamna Thomas Davey ya kafa dokar soja.

Shugaban da ya fi shahara a wannan lokaci shi ne Michael Howe, wanda ya naɗa wa kansa sarautar gwamnan daji, yana aika wa gwamnan gaske wasiƙu kamar tsaransa. An kashe shi a watan Oktoba na 1818. Bayansa aka yi Matthew Brady, wanda ya tsere da kwale-kwale daga kurkukun Macquarie Harbour a 1824 tare da wasu abokansa. An san shi da rashin yarda a taɓa mata, har ya taɓa shiga garin Sorell ya kulle sojoji a cikin gidan yarin garin. Gwamna George Arthur ya ga ƙarfi kaɗai ba zai yi ba, sai ya yi alkawarin kuɗi da yafiya ga duk fursunan da ya shiga cikin ƙungiyar ya tona asirinta. Dabarar ta ci. An rataye Brady a Hobart a watan Mayu na 1826.

Cikin mashahuran tsibirin, Martin Cash ne ya tsira da ransa. A 1842 ya tsere daga kurkukun Port Arthur, wanda ba shi da mafita ta tudu sai wani siririn wuya da aka jera wa mugayen karnuka, don haka ya bi ta ruwa da iyo. An kama shi bayan ya harbe wani ɗan sanda, aka yanke masa hukuncin kisa, sannan aka sassauta. Ya mutu a gonarsa yana dattijo a 1877.

A can babbar ƙasa kuma, wani ɗan Ailan mai suna Jack Donahue ya addabi hanyoyin da ke kewaye da Sidni har aka harbe shi a 1830. Fursunoni 'yan uwansa suka yi masa waƙa wadda ta bazu ko'ina. A wannan shekara gwamnati ta kafa dokar da ta ba da ikon kama duk wanda aka yi zargin ɗan fashi ne ko fursuna mai gudu, ba tare da takardar sammaci ba. Mutanen kirki da yawa sun sha kamu a banza saboda wannan doka, abin da ya ƙara nisanta talaka da ɗan sanda.

Zinariya ta sauya komai

A 1851 aka gano zinariya kusa da Bathurst a yankin New South Wales, ba a jima ba kuma aka gano wadda ta fi ta yawa a Ballarat da Bendigo cikin yankin Biktoriya. Mutane suka yi ta kwarara daga Turai da Amurka da Sin. Cikin shekara goma yawan Turawa da sauran baƙi a Ostiraliya ya tashi daga kimanin 430,000 zuwa sama da miliyan ɗaya. Makiyaya suka bar tumaki, matuƙa suka bar jirage, har 'yan sanda da dama suka ajiye kaki suka tafi haƙa. Zinariyar da aka haƙo kuwa dole a ɗauke ta a keken doki, a bi dogayen hanyoyin daji kafin a kai banki.

A nan aka sami sabon irin 'yan fashi. Waɗannan ba fursunoni masu gudu ba ne, samari ne haifaffun ƙasar, yawancinsu 'ya'yan tsofaffin fursunoni. Sun tashi a kan doki, sun san kowane kwari da kowane kogo. 'Yan sanda kuwa da yawansu baƙi ne, dawakansu ba su kai na 'yan fashi ba, domin su 'yan fashin dawakan sukuwa suke sata.

Ranar 15 ga Yuni, 1862, Frank Gardiner da mutanensa suka laɓe bayan wasu manyan duwatsu a Eugowra, suka toshe hanya da amalanken shanu. Da keken da ke ɗauke da zinariya daga Forbes ya iso, sai suka buɗe wa 'yan rakiya wuta, suka raunata biyu, suka kwashe zinariya kimanin oza 2,700 da takardun kuɗi, jimilla wajen fam 14,000. An ƙwato wani kaso, an rataye ɗaya daga cikinsu. Gardiner ya ɓuya a Queensland har 1864, aka kama shi aka ɗaure shi shekara 32. Bayan shekara goma aka sake shi bisa sharaɗin ya bar ƙasar, ya ƙare a birnin San Francisco na Amurka.

Wanda ya gaje shi shi ne Ben Hall. Da farko makiyayi ne mai rufin asiri, yana da filin kiwo da iyali. Matarsa ta gudu da ɗansu, 'yan sanda suka kama shi bisa zargi suka sake shi, daga baya suka ƙone masa gida. Daga 1863 zuwa 1865 ƙungiyarsa ta yi fashi sama da ɗari. A watan Oktoba na 1863 suka kama garin Canowindra, suka tara mutanen gari a wani masauki har kwana uku ana ci ana sha ana kiɗa, su ne ma suka biya kuɗin, duk don su nuna wa duniya gazawar 'yan sanda. Irin wannan ne ya sa ake ba da labarinsa da murmushi.

To amma wasa da bindiga ba ya ƙarewa da dariya. A watan Nuwamba na 1864 abokinsa John Gilbert ya harbe Saje Edmund Parry. A watan Janairu na 1865 wani yaronsu, John Dunn, ya kashe ɗan sanda Samuel Nelson a garin Collector, ya bar 'ya'ya takwas marayu. Majalisa ta yi sabuwar doka wadda ta halatta wa kowa ya harbe wanda aka ayyana ɗan tawaye, ta kuma tanadi ɗauri ga mai ba shi mafaka. Sai da ɗan gari kan ci gari: wani da Hall ya amince da shi ne ya nuna wa 'yan sanda inda yake kwana. An harbe shi da asubahin 5 ga Mayu, 1865, kusa da Forbes, yana da shekara 27. Bayan kwana takwas aka harbe Gilbert, aka kuma rataye Dunn a shekarar da ta biyo.

A arewacin New South Wales kuma akwai Frederick Ward, wanda ya raɗa wa kansa Kyaftin Thunderbolt. Ya tsere daga kurkukun tsibirin Cockatoo da iyo a 1863, ya shekara shida da ɗoriya ba a kama shi ba. Babban sirrinsa shi ne abokiyar zamansa Mary Ann Bugg, wadda mahaifiyarta 'yar Aborijin ce. Ta iya karatu da rubutu, ta san daji, tana shiga gari ta jiyo masa labari. An harbe shi kusa da Uralla a watan Mayu na 1870. Su ma 'yan sanda da 'yan Aborijin suka dogara wajen bin sawu, domin su ne ke iya karanta ƙasa su gane inda doki ya taka kwanaki bayan ya wuce.

Ned Kelly

Me ya sa talakawan ƙauye suke ɓoye waɗannan mutane? Wani ɓangare tsoro ne, wani zumunci, wani kuma kwaɗayin rabo. Amma akwai kuma rigimar fili. Manyan masu tumaki sun riga sun mamaye filaye masu kyau da bakin ruwa. A shekarun 1860 aka yi dokokin da suka ba ƙaramin manomi damar zaɓar fili ya biya a hankali, sai dai abin da ya rage masa sau da yawa fako ne. Idan saniyarsa ta ɓata ta shiga filin babban mutum sai a kama ta, sai ya biya tara. A ganin ƙananan manoma, ɗan sanda yaron masu kuɗi ne.

Cikin irin wannan gida aka haifi Ned Kelly a Biktoriya wajen 1855. Mahaifinsa ɗan Ailan ne da aka koro saboda satar aladu biyu, ya kuma rasu a 1866 ya bar uwa da yara. Tun Ned yana yaro ya ceci wani yaro daga nutsewa a rafi a garin Avenel, iyayen yaron suka ba shi kyautar koriyar ɗamara. Yana ɗan shekara 14 ya fara bin wani tsohon ɗan fashi, Harry Power, kafin ya kai ashirin kuma ya yi ɗaurin shekara uku kan dokin sata. Da ya fito ya yi aikin yankan katako na ɗan lokaci, sannan ya koma satar dawakai da shanu.

A watan Afrilu na 1878 wani ɗan sanda, Alexander Fitzpatrick, ya je gidansu don kama ƙanensa Dan. Rigima ta kaure. Ɗan sandan ya ce Ned ya harbe shi a hannu, iyalin suka ƙaryata. Alƙali Redmond Barry ya ɗaure mahaifiyarsu Ellen shekara uku, tana da jaririya a hannu. Shi kuwa Fitzpatrick daga baya an kore shi daga aiki. Ned da Dan suka shige daji tare da abokansu biyu, Joe Byrne da Steve Hart.

Ranar 26 ga Oktoba, 1878, suka afka wa 'yan sanda huɗu da ke nemansu a Stringybark Creek. Suka kashe uku: Saje Michael Kennedy, Thomas Lonigan da Michael Scanlan. Na huɗun, Thomas McIntyre, ya tsere ya kai labari. Kennedy ya bar mata da 'ya'ya biyar. Aka ayyana su 'yan tawaye. A watan Disamba suka yi wa bankin Euroa fashi, a watan Fabrairu na 1879 kuma suka shiga Jerilderie, suka kulle 'yan sandan garin a ɗakin tsare masu laifi, suka sa kakinsu, suka kwashe kuɗin banki, suka ƙone takardun bashi. A nan Ned ya bar wata doguwar wasiƙa mai shafi 56, wadda ya yi wa Byrne shifta, yana bayyana koke-kokensa kan 'yan sanda. Ya so a buga ta a jarida, ba a buga cikakkiyarta ba sai bayan shekara hamsin. Ladan kama su ya kai fam 8,000. 'Yan sanda suka kama mutum sama da ashirin da ake zargin magoya bayansu ne, suka tsare wasu har wata uku ba shari'a, abin da ya ƙara wa 'yan fashin masoya.

A watan Yuni na 1880 suka shirya babban tarko. Sun tara ƙarafan garmar noma, suka ƙera sulke da kwalkwali mai siririyar kafar gani. Na Ned ya kai nauyin kilo 44. Ranar 26 ga wata Byrne ya harbe tsohon abokinsa Aaron Sherritt, wanda suke zargi da kai rahoto, da sanin cewa za a turo jirgin ƙasa cike da 'yan sanda. Suka sa aka cire layin dogo kusa da ƙauyen Glenrowan don jirgin ya kife, suka tara mutane sama da sittin a masaukin wata mata, Ann Jones. Jirgin ya yi jinkiri. Malamin makarantar ƙauyen, Thomas Curnow, ya lallaɓi Ned har ya bar shi ya tafi gida. Sai ya ɗauki kyandir da jan gyale ya tsaya a kan layin dogo cikin dare ya tsayar da jirgin. Da wannan ya ceci rayukan duk waɗanda ke ciki.

'Yan sanda suka kewaye masaukin kafin asubahin 28 ga Yuni, aka yi ta musayar wuta, alhali ɗakunan cike suke da mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Wasu daga cikinsu sun mutu, har da ɗan mai masaukin, yaro ɗan shekara 13. Da gari ya fara wayewa Ned ya ɓullo ta bayan 'yan sanda cikin sulkensa, harsasai suna dukan ƙarfen suna faɗuwa. Amma sulken bai rufe ƙafafu ba, nan aka harbe shi ya faɗi. Da aka tuɓe shi aka sami koriyar ɗamarar nan a jikinsa. Byrne da Dan da Hart duk sun mutu a wurin, aka kuma cinna wa masaukin wuta.

Alƙali Barry ne dai ya yanke masa hukuncin kisa kan ran Lonigan. Mutum sama da 30,000 suka sa hannu a takardar neman sassauci, gwamnati ta ƙi. An rataye shi a gidan yarin Melbon ranar 11 ga Nuwamba, 1880, yana da shekara 25. Bayan kwana 12 alƙalin ma ya rasu.

Yadda zamanin ya wuce

Bayan Kelly fashin daji ya yi sanyi. Wayar tangarahu tana kai labari kafin doki ya isa, jirgin ƙasa yana kai 'yan sanda cikin sa'o'i, gonaki da garuruwa sun ci dajin. A 1881 hukumar bincike ta bi diddigin halayen 'yan sandan Biktoriya, aka tsawata wa wasu manya, aka rage wa wasu muƙami, aka sallami wasu. Waɗanda aka ayyana 'yan tawaye na ƙarshe a New South Wales su ne Jimmy Governor da ƙanensa Joe, 'yan Aborijin da suka kashe mutum tara a 1900, yawancinsu mata da yara. An rataye Jimmy a watan Janairu na 1901, watan da yankunan Ostiraliya suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya.

Sai labarin ya koma hannun mawaƙa da masu fim. A 1906 aka yi fim a kan ƙungiyar Kelly, wanda ake ɗauka shi ne dogon fim mai labari na farko a duniya. Irin waɗannan fina-finai sun yi farin jini har wasu jihohi suka haramta su wajen 1912. Sulken Ned da wasiƙarsa suna ɗakin karatu na jihar Biktoriya a Melbon, an kuma binne ƙasusuwansa a Greta, kusa da mahaifiyarsa, a 2013. Har yanzu mutanen ƙasar ba su daina gardama a kansa ba: wasu na ganinsa jarumin talakawa, wasu kuma, musamman jikokin 'yan sandan da aka kashe, na ganinsa mai kisan kai.

Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bulala da yunwa da ƙwace fili da zaluncin 'yan sanda su ne suka share wa fashin daji hanya, kuma hukumar da ta bar waɗannan ta ɗauki kasonta na laifi. Amma zaluncin da aka yi wa mutum bai halatta masa jinin wani ba, kuma kusan dukan waɗannan samari sun mutu da harsashi ko igiya kafin su tsufa. Yara manyan gobe, idan kuka ji ana kambama ɗan fashi a waƙa ko a fim, ku tambayi sunayen waɗanda ya kashe da adadin marayun da ya bari, sannan ku yanke hukunci.